Sanarwar Bayan Taron Malaman Lissafi na Dutse da Kewaye Kan Koyar da Fankshan da Juyinsa



Mu malaman lissafi na manyan makarantun sakandare da ke ƙananan hukumomin Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Birnin Kudu, Buji da Gwaram mun yi zama a garin Dutse a hutun ƙarshen zango na biyu. Cikinmu akwai na makarantun gwamnati da na masu zaman kansu, akwai na makarantun kimiyya da na sakandaren Larabci, haka kuma wasu dattawa da suka ajiye alli sun amsa gayyatarmu. Batu ɗaya aka ajiye a gaba, wato yadda muke koyar da fankshan da juyinsa a darasin aljebra, da dalilin da ya sa yaro zai iya aikin a kasuwa amma ya kasa shi a takardar jarrabawa. Ga abin da aka tattauna da matsayar da aka cimma.

Abin da ya tara mu

Taron ya lura cewa fankshan da juyinsa, a matsayin babi mai suna, ya fi zama a manhajar Further Mathematics, darasin da ɗalibai kaɗan ne ke ɗauka a yawancin makarantunmu. Wannan ya sa wasu abokan aiki suke ganin batun bai shafe su ba tunda lissafin gama-gari suke koyarwa. Taron bai yarda da haka ba. Malamin da ya ce wa yara su mai da wani harafi ya zama jigon fomula, juyi yake koyarwa. Wanda ya buɗe musu teburin logaridim sannan ya juya shafi zuwa antilog, juyi yake koyarwa. Haka wanda ya nemi tushen murabba'i, haka wanda ya ba da sin ya ce a nemo kusurwa. Abu ɗaya ne muke koyarwa sau huɗu ko biyar tsakanin SS 1 da SS 3, kowane karo da sabon suna da sabuwar hadda, ba mu taɓa gaya wa yaran cewa duk tambaya ɗaya ce ba: an ba ka sakamako, za ka iya komawa inda aka taso?

Wannan tambayar ce taron ya ɗauka a matsayin jigon darasin. Fankshan ƙa'ida ce da ke karɓar lamba ta ba da amsa guda tak. Juyinsa shi ne ƙa'idar da ke karɓar waccan amsar ta dawo da lambar farko. Wani lokacin akwai hanyar komawa, wani lokacin babu, kuma sanin lokacin da babu shi ne rabin darasin da muka fi tsallakewa.

Abin da aka gani a kan allo

Wani malami daga Birnin Kudu ya zo da takardun gwajin ajinsa. Tambayar ita ce a nemo juyin f(x) = 3x + 5. Kafin ya nuna amsoshin, ya ba da labarin abin da ya yi ana gobe gwajin. Ya ce wa ajin, “Na riƙe lamba a zuciyata, na ninka ta sau uku, na ƙara biyar, na samu ashirin da shida. Wace lamba ce?” Bai rufe baki ba aka ce bakwai daga kujerun baya, inda waɗanda ba sa ɗaga hannu suke zama. Da ya tambayi wani yadda ya yi, sai yaron ya ce, “Malam, ai cire biyar ɗin za ka fara yi, saura ashirin da ɗaya, sai ka raba uku.” Washegari wannan yaron, da aka rubuta masa tambayar da f da x, sai ya amsa da 1/(3x + 5).

Amsoshin da ba daidai ba sun kasu gida biyu, kuma kusan duk wanda ke zauren ya ce ya san su a nasa ajin.

Kashi na farko su ne masu ɗora 1 a sama su jefa fankshan ɗin a ƙasa. Taron ya daɗe a kan wannan, domin laifin ba na yaro ba ne shi kaɗai. A babin indisis mun koya masa cewa 2⁻¹ rabi ne, x⁻¹ kuma 1/x ne, mun ba shi maki a kai. Bayan wasu makonni sai mu rubuta f⁻¹ mu ce wannan −1 ɗin ba wancan ba ne. Alamar tsohuwa ce. Leonhard Euler ne ya fara rubuta f(x) a 1734, John Herschel na Ingila kuma ya yi amfani da −1 a saman cos da sin don nuna juyi a 1813, kuma ba mu da ikon sauya ta tunda da ita WAEC da NECO da JAMB suke tambaya. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne a tirigonometiri muna rubuta sin²x da nufin a ninka sin x da kansa, sannan a layi na gaba mu rubuta sin⁻¹x da nufin wani abu dabam. Yaron da ya ruɗe a nan, hankali ya yi amfani da shi. Maganin da aka amince da shi shi ne a fito da bambancin fili tun ranar farko, da lambobi: sin 30° rabi ne, saboda haka sin⁻¹ na rabi digiri 30 ne, alhali 1 a raba da rabi 2 ne. Ɗaya kusurwa ce, ɗaya lamba ce kawai, ko jinsinsu ba ɗaya ba.

Kashi na biyu sun fahimci cewa warware aikin ake yi, amma sun warware shi ta inda aka fara. Sun rubuta x/3 − 5. Sun raba da uku sannan suka cire biyar, bisa jerin da aka yi ninkawa da tarawa. Wani dattijo cikinmu, wanda ya yi shekaru yana koyarwa tun Jigawa tana cikin jihar Kano, kafin a ƙirƙiro ta a 1991, ya ce shi da rawani yake gyara wannan. Mai naɗi hula yake fara sawa sannan ya naɗa rawani a kai. In ya dawo gida, rawanin zai fara warwarewa kafin ya kai ga hular. Abin da aka yi a ƙarshe shi ake fara kwancewa. Saboda haka a cire biyar tukuna, sannan a raba da uku: f⁻¹(x) = (x − 5)/3. Ya ƙara da cewa wannan ce dai ƙa'idar da ake wahalar da 'yan Further da ita in an haɗa fankshan biyu, inda juyin haɗin yake farawa da juyin na ƙarshe.

Abin da ya fi damun taron a takardun shi ne babu ko ɗalibi ɗaya da ya gwada amsarsa. Gwajin bai kai minti ɗaya ba. A sa 4 a cikin f, a samu 17. A sa 17 a cikin amsar da aka samo. In 4 ta dawo, an dace. Mai x/3 − 5 da ya yi haka da ya ga ya sauka a kan biyu bisa uku, ya san akwai gyara. Juyi na cikin 'yan darussan da ɗalibi zai iya yi wa kansa maki kafin malami ya karɓi takarda, amma ba mu saba musu da hakan ba.

Inda aka yi saɓani

An kai ruwa rana a kan hanyar da kusan dukkanmu muka gada, wato a rubuta y = f(x), a musanya x da y, sannan a fitar da y. Masu kare ta sun ce tana da sauri, yara suna riƙe ta, kuma a zauren jarrabawa agogo ba ya jiran mai dogon tunani. Suka ce akwai fankshan da labarin rawani ba zai yi masa aiki ba, domin x ta fito sau biyu. Aka kawo misali a allo: y = (2x + 1)/(x − 3). A nan dole a ninka, a samu xy − 3y = 2x + 1, a tara masu x a gefe ɗaya, x(y − 2) = 3y + 1, sannan x = (3y + 1)/(y − 2). Aka gwada: 4 ta ba da 9, ita kuma 9 ta ba da 28 a raba da 7, wato 4. Babu wanda ya musa cewa wannan aikin aljebra ne tsantsa, sai an iya shi.

Wata malama daga Jahun ta ce ita ba aljebrar take ƙi ba, musanyar haruffan ce tun a layin farko. Ta kawo ma'aunin zafi. Daga Salsiyos zuwa Farinhait, F = 9C/5 + 32. Zafin digiri 40, irin wanda muke sha a watan Afrilu, ya zama 104. Komawa kuwa C = 5(F − 32)/9. Ta ce ta taɓa ganin ɗalibar da ta haddace “a musanya” ta fara da C = 9F/5 + 32, ta ci gaba da aiki hankali kwance, ba ta lura ta rubuta ƙarya ba. Haruffan da suke ɗauke da ma'ana, kamar zafi ko kuɗi ko nisa, ba a musanya su, fitar da wanda ake nema ake yi. Ta ce yaran da za su tafi makarantar koyon aikin jinya ko sashen kimiyya irin waɗannan haruffan za su tarar, ba x da y marasa suna ba.

Ba a kai ga kowa ya sauka daga ra'ayinsa ba, kuma ba za mu ce an kai ba. Abin da mafi rinjaye suka amince da shi shi ne a fara fitar da x daga y = f(x) yadda ake yi a babin jigon fomula, a gwada da lamba, sai a layin ƙarshe a sauya harafi don a rubuta f⁻¹(x) yadda mai duba jarrabawa ke son gani. Matakan ba su ƙaru ba, wurin musanyar ne kawai ya koma ƙarshe. Wasu abokan aiki sun ce za su ci gaba da tsohuwar hanya ga 'yan SS 3 da jarrabawa ta ƙarato musu, kuma taron bai ga laifin hakan ba.

An taɓa batun harshe, amma ba a daɗe ba, domin kowa ya san abin da yake yi in ya rufe ƙofar aji. A yi bayani da Hausa har yaro ya gane, a rubuta aikin da alamomi da Turancin da zai gani a takardar tambaya. An dai ja kunnen juna cewa a bambanta kalma biyu a baki: “juyi” ga f⁻¹, “kifewa” ga ɗora 1 a saman lamba.

Lokacin da babu hanyar komawa

Nan ne taron ya fi jin daɗinsa, nan kuma aka fi kawo misalai daga gida.

Wanda ya fi shiga ran mutane shi ne na takardar sakamako. A tsarin da makarantunmu ke bi, maki 50 zuwa 54 C6 ne, 75 zuwa sama A1. Daga maki zuwa daraja fankshan ne sosai, domin kowane maki daraja ɗaya yake da ita. Amma in yaro ya ce ya samu C6, ba ka san ko 50 ya ci ko 54 ba. Lambobi biyar sun faɗa rami ɗaya, hanyar komawa ta toshe. Babu ɗalibin SS 2 da ba zai gane wannan ba, tunda da shi yake kwana yake tashi. Haka cajin mai POS: in a ce yana karɓar naira 100 a kan duk abin da bai wuce 5,000 ba, to jin cewa an biya shi 100 ba zai gaya maka nawa aka cira ba.

Wani malami daga wata sakandaren Larabci ya kawo zakka, kuma misalin nasa ya fi sauran zurfi. Zakkar kuɗi ɗaya ce bisa arba'in. In mutum ya fitar da naira 250,000 daidai ƙa'ida, a ninka sau arba'in, dukiyar miliyan goma ce. Juyin ya fito sarai. Amma duk wanda dukiyarsa ba ta kai nisabi ba, abin da ke kansa sifiri ne, ko naira ɗari yake da ita ko dubu ɗari. Saboda haka sifiri ba ta da hanyar komawa, juyin yana aiki ne daga nisabi zuwa sama kawai. Ga zakkar hatsi kuma: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin ga abin da aka sha wahalar ban ruwa. Manomi biyu kowa ya fitar da buhu biyar. Na tudu, mai geron damina, buhu hamsin ya noma. Na fadama, mai shinkafar rani da injin ban ruwa, buhu ɗari. Sai ka san wace ƙa'ida aka bi kafin ka koma. Ya tunatar da zauren cewa littafin da Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajajen shekara ta 820, wanda sunan aljebra ya samo asali daga gare shi, kaso mai yawa na misalansa rabon gado ne da wasiyya. Ya kuma ambaci Muhammad al-Katsinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ya ce ɗalibansa da ke ɗaukar lissafi a matsayin baƙon darasi sukan gyara zama in sun ji wannan.

Daga nan aka dawo kan x². Uku da mainos uku duk 9 suke bayarwa, saboda haka in an bar ƙofa a buɗe ga kowace lamba, babu juyi. Amma in gona ce mai kusurwa huɗu daidai wa daida, faɗinta murabba'in mita 10,000, wato hekta guda, ba wanda zai ce gefenta mainos ɗari ne. Gona da kanta ta kore lambobin mainos. Abin da littafi ke nufi ke nan da taƙaita lambobin da aka yarda su shiga fankshan, kuma dalilin da ya sa kalkuleta ke ba da 3 kaɗai in an nemi tushen 9. Taron ya lura cewa yara da yawa suna rasa maki a tirigonometiri saboda wannan. Tambaya ta ce sin θ rabi ne, a nemo θ tsakanin 0° da 360°. Yaro ya danna kalkuleta, ta ce 30, ya rubuta ya wuce. Ya bar 150° a baya, domin ba a taɓa gaya masa cewa injin ya zaɓi amsa ɗaya ne cikin masu yawa don ya samu abin faɗa ba.

Misalin canjin kuɗi ya jawo dariya da gardama. Wani ya kawo kasuwar Maigatari, inda ake cinikin dabbobi da naira da sefa. Ka mai da naira sefa, ka juyo ka mai da sefar naira a wurin mai canji ɗaya, kuɗinka ba za su dawo cif ba, domin farashin saye daban, na sayarwa daban. To wannan ba juyi ba ne a lissafi, ko da kowa zai kira shi komawa. Sharaɗin juyi shi ne a je a dawo a tarar da abin yadda aka bar shi. Sefa da yuro a hukumance kuwa farashinsu a ƙulle yake, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, nan ninkawa da rabawa suna warware juna daidai. An amince misalin yana da kyau ga ajin da ya riga ya gane, amma kada a fara da shi.

Wani matashin malami da ya karanta kimiyyar kwamfuta ya nuna wani ɓangaren da yawancinmu ba mu taɓa kaiwa aji ba: aikin da zuwansa sauƙi, dawowarsa wuya, ko da hanyar tana nan. Ya ce a ninka 89 da 97, nan take aka samu 8,633. Ya ce da lambar kawai ya ba mu ya ce mu nemo biyun da suka haife ta, da mun kai azahar. A kan wannan wahalar aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, wanda har yau yana cikin abin da ke tsare hulɗar banki ta intanet. Wannan ne ya dace a gaya wa ɗalibin da ke tambaya, “Malam, wannan ina za mu yi amfani da shi?”

Zanen giraf

An yi gwaji a zauren da takarda. A zana y = 2x + 1 da juyinsa a kan takardar giraf ɗaya, a ja layin y = x, a ninke takardar a kan layin, a ɗaga ta ga hasken taga. Layukan biyu suna hawa kan juna. Ɗigon (1, 3) ya faɗa kan (3, 1). Abokan aiki da dama sun ce sun san haka a littafi amma ba su taɓa sa yara sun ninke da hannunsu ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, ma'aunin gefen x da na gefen y su zama ɗaya, in ba haka ba ninkin ba zai hau ba, malami ya ji kunya a gaban aji. Inda takardar giraf ta yi ƙaranci, falle ɗaya ya ishi benci guda.

Matsayar taro

Bayan duk wannan, taron ya tsai da abubuwa kamar haka.

Na ɗaya, daga zango mai zuwa kowane memba zai gabatar da tunanin fankshan da juyi tun a SS 1, a bakin babin jigon fomula, ko ɗaliban za su ɗauki Further ko ba za su ɗauka ba. Ba sabon babi muke ƙarawa a manhajar da hukumar NERDC ta tsara ba, darasi ɗaya ko biyu ne na shimfiɗa. Sannan duk sanda aka zo logaridim, tushen murabba'i ko neman kusurwa, a faɗa wa yara da baki cewa wancan juyin ne ya sake dawowa. Wanda ya ga 10³ = 1000 da log 1000 = 3 a layi ɗaya, aka ce masa magana ɗaya ce aka faɗa daga gaba da kuma daga baya, ba zai ƙara tsoron teburin antilog ba.

Na biyu, a fara da baki kafin alama. Wasan riƙe lamba a zuciya, lissafin ɗan kasuwar da ya sayo tiyar riɗi a Shuwarin ko Sara ya ɗora kuɗin mota yana son sanin tiya nawa jarinsa zai ɗauko, sannan a zo kan f da x.

Na uku, a gwaje-gwajen cikin makaranta za a ware maki na musamman ga gwada amsa. Wanda ya samo juyi bai gwada ba, bai gama ba. Mun san yara abin da ke da maki suke girmamawa.

Na huɗu, kowace jarrabawar zango da ta taɓa wannan batu ta ƙunshi aƙalla tambaya ɗaya da amsarta ita ce babu juyi, tare da dalili, ko kuma a ce yaro ya faɗi iyakar da za a sa don juyin ya samu. A misalin (2x + 1)/(x − 3) ma, amsa ba ta cika ba sai an faɗi cewa 3 ba ta shiga fankshan ɗin, 2 kuma ba ta shiga juyinsa.

Na biyar, an ɗora wa wani ƙaramin kwamiti, mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, ya tattara misalan da aka kawo, ya tace lambobinsu, ya fitar da 'yan shafuka da za a raba ta WhatsApp, a kuma buga wa makarantun da sabis ke wahala. Misalan zakka sai malaman fiƙihu sun duba su kafin a raba.

Kira

Taron yana roƙon hukumomin ilimi na jihar Jigawa da su duba yiwuwar tura malaman Further Mathematics zuwa makarantun da ke wajen manyan garuruwa, musamman na 'yan mata. Ɗalibar da ke son injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta, in ba ta taɓa ganin f⁻¹ ba sai a shekararta ta farko a jami'a, ta fara tsere ne daga baya. Muna kuma roƙon a riƙa haɗa takardar giraf da teburin lissafi cikin kayan da ake raba wa makarantu.

Muna miƙa hannu ga malaman lissafi na Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda tun kafa ta a 2011 take karɓar yaran da muka yaye, da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, su gaya mana ƙarara inda suke ganin ɗalibanmu na tuntuɓe a shekarar farko. Gara mu ji daga bakinsu. Haka Kwalejin Ilimi ta Gumel, inda da yawa cikinmu suka koyi aikin, muna fata masu koyon malanta za su riƙa gwada koyar da wannan darasi kafin su fito aikin gwaji. An kuma ƙarfafa wa membobi guiwa su yi rajista da Ƙungiyar Malaman Lissafi ta Najeriya, wato MAN, su kuma riƙa shigar da ɗalibansu gasannin da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja take shiryawa.

Ga shugabannin makarantu, roƙonmu ƙarami ne: a daina jefa lissafi a darasin ƙarshe na rana a watannin zafi. Ga iyaye kuma, mai shago ko mai awo da zai zaunar da ɗansa ya ce, “Ga abin da na samu yau, gaya mini nawa na sayar,” ya taya mu aiki ko bai taɓa shiga aji ba.

Abin da aka ɗage

Ba a samu lokacin tattauna haɗa fankshan biyu yadda ya kamata ba, haka batun ko a bar 'yan SS 1 su riƙe kalkuleta kafin su ƙware a tebur, wanda ra'ayi ya rabu a kansa sosai. An ɗage su zuwa zama na gaba, wanda aka amince a yi a Birnin Kudu a hutun ƙarshen shekara. Kowane memba zai zo da takardun ɗalibansa na wannan darasi, masu kyau da marasa kyau, a rufe sunayen yaran, domin a ga ko mai da musanyar haruffa zuwa layin ƙarshe ya rage kuskure ko bai rage ba. In bai rage ba, za a sake duba matsayar.

 An yi addu'a ga malaman da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama, da ɗalibanmu da ke shirin zana WAEC da NECO, Allah ya ba su sa'a.

Sa hannu:

Shugaban taro

Sakataren kwamitin rubuta sanarwa

Dutse, Jihar Jigawa